Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Gano Kurakuran Kimiyya da na Tunani a Wasannin Barkwanci na Talabijin

Ai wasan dariya ne. Me zai sa a tsaya bin diddigin kuskurensa?

Ba duk abin da ya saɓa wa kimiyya ne kuskure ba. Kowane wasa yakan kafa dokar duniyarsa tun daga farko, mai kallo kuma ya amince da ita. A katun, idan kyanwa ta faɗo daga sama ta baje kamar tabarma, sannan ta miƙe ta ci gaba da bin ɓera, ba a yaudari kowa ba. Yaro ɗan shekara biyar ma ya san haka ba ta faruwa, kamar yadda ba a tambayar mai tatsuniya yadda Gizo ya iya magana.

Kuskure yana shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce wasa ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, ya yi tufka da warwara. Ta biyu ita ce wasan da ke nuna rayuwa irin tamu, da gida da ofis da asibiti, ya saka wata magana a bakin likita ko malami a matsayin gaskiya, alhali ba haka take ba. Wannan ta biyun ta fi damun mu, domin abin da aka ji cikin dariya yakan zauna a kai fiye da abin da aka karanta a aji, kuma wasu daga cikin waɗannan kurakuran suna iya cin rai idan aka kwaikwaye su.

Yaya zan bambanta wautar ɗan wasa da kuskuren marubuci?

Ka duba abin da labarin ya yi da maganar. Barkwanci da yawa a kan gurguwar hujja aka gina shi da gangan. Mutum ya fito ya ga ƙofar gida a jiƙe ya ce an yi ruwa da dare, ya ɗauki fartanya zai tafi shuka, alhali ɗan garuwa ne ya yi tuntuɓe a wurin. Tunanin nasa ya karkace: ruwan sama yana jiƙa ƙasa, amma ba duk ƙasar da ta jiƙe ce ruwan sama ya jiƙa ta ba. Idan wasan ya nuna mana ɗan garuwan, ko wani ya harari mutumin, ko ƙarshe ya kunyata shi, to marubucin ya san abin da yake yi. Wautar ta ɗan wasa ce, ita ce ma abin dariyar.

Amma idan wanda aka gabatar a matsayin mai ilimi ne ya faɗa, babu wanda ya musa, labarin kuma ya ci gaba kamar maganar ta tabbata, to kuskuren ya koma kan marubuci. Tambayoyi uku sun isa: wa ya faɗa, wa ya ji bai ce komai ba, kuma me ya biyo baya?

Da wane kayan aiki ake auna abin da aka gani a allo?

Agogon waya da ɗan lissafi. Bidiyo hotuna ne a jere, yawanci 24 ko 25 ko 30 a kowane sakan. Idan ka tsayar da bidiyo a YouTube a kwamfuta, maɓallin aya yana matsar da shi hoto ɗaya gaba, maɓallin waƙafi ya mayar da shi hoto ɗaya baya. A manhajar VLC harafin E ne ke matsarwa gaba. Da haka za ka ƙirga hotunan da abu ya ɗauka, ka raba da adadin na sakan ɗaya, ka sami lokaci. Tsayi kuwa sai ka nemi abin da ka san girmansa a cikin hoton: ƙofar ɗaki kusan mita 2 ce, hawa ɗaya na bene kusan mita 3.

Abu ɗaya za a kiyaye: idan an yanka hoton, kyamara ta koma fuskar wani sannan ta dawo, lissafin lokaci ya ɓaci, domin mai tace fim yana iya nuna sakan ɗaya sau biyu ta fuskoki daban. Ka auna abin da aka ɗauka a jere ba yankewa kawai.

Mutum ya faɗo daga bene yana ta salati da kiran sunan matarsa kafin ya iso ƙasa. Zai yiwu?

Ga ma'aunin da ya kamata kowa ya riƙe. Ka ninka sakan da kansa, sannan ka ninka da biyar, za ka sami kusan mitocin da abu ya faɗo. Sakan 1, mita 5. Sakan 2, mita 20. Sakan 3, mita 45. Wanda ya faɗo daga rufin bene mai hawa uku, wato kusan mita 10, yana isa ƙasa cikin sakan ɗaya da rabi bai cika ba, da gudun kilomita 50 a awa. Wannan lokacin bai isa a yi doguwar magana ba. Idan ka ƙirga ka ga ɗan wasa ya yi sakan 6 a iska yana magana, to ko an cire abin da iska ke ragewa, ya faɗo daga gini mai hawa kusan hamsin ke nan.

Kuskure na biyu shi ne wanda ke tsaye a ƙasa ya miƙa hannu ya cafe shi, kowa ya tashi lafiya. Abin da ke raunata jiki shi ne tsayawa farat ɗaya, kuma hannun mutum ba ya ba da nisan da gudun zai ragu a hankali. Mai nauyin kilo 70 da ya zo da wancan gudun zai karya wanda ya tare shi, shi ma ya karye. Masu shirya fim suna tara kwalaye ko katifar iska mai kauri ne domin a shimfiɗa tsayawar a kan mita ɗaya ko biyu. Lema kuwa ba ta riƙe mutum, ƙarafunanta ne za su juye sama tun a farkon faɗuwar.

Jakar kuɗi da ake gudu da ita a hannu ɗaya fa?

Nauyi shi ne abin da masu wasa suka fi mantawa, domin jakar da ke hannunsu cike take da takardu ko tsumma. Takardar kuɗi ɗaya kusan giram ɗaya ce. Naira miliyan 100 a takardun dubu-dubu takarda 100,000 ce, rafa dubu ɗaya ke nan, nauyin kusan kilo 100. Buhun siminti biyu. Wurin da za su ci kuma ya haura lita 100, ba za su shiga jakar hannu ba ko da an hau kai an danna. In ka ga ɓarawo ya rataya ta a kafaɗa ya tsallake katanga, ka kama kuskure.

Zinariya ta fi haka. Lita ɗaya tata kilo 19.3 ce, saboda haka ƙaramar jaka mai cin lita 10 idan aka cika ta za ta kai kilo 193, hannun jakar ne zai fara tsinkewa. Sandar zinariya irin ta manyan bankuna kusan kilo 12 da rabi ce, ba a jefa wa aboki ita ya cafe yana dariya.

Haka balan-balan. Wadda aka cika da iskar hiliyom, mai faɗin santimita 30, abin da take iya ɗagawa bai wuce giram 14 ba, a ciki ma sai an cire nauyin robar da zaren. Kafin a ɗaga mutum mai kilo 70 sai an tara tsakanin 5,000 da 7,000. Wadda aka hura da baki ba ta tashi ko kaɗan.

An buga wa mutum tabarya a ka ya suma, ya farka bayan awa biyu garau. Wani lokaci ma ya manta sunansa, sai an ƙara masa wani bugun ya dawo hayyacinsa. Mene ne gaskiyar wannan?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yana cikin mafiya muni. Ƙwaƙwalwa abu ne mai laushi da ke cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Bugu mai ƙarfi yana sa ta bugi ƙashi daga ciki. Suman da ke biyo bayan ƙaramin rauni na sakanni ne zuwa 'yan mintuna, kuma mutum yakan tashi da ciwon kai da jiri da ruɗewa, wani lokaci na kwanaki. Wanda ya yi awa biyu bai san inda yake ba, rauninsa babba ne.

Akwai kuma nau'in da ke ruɗar iyali. Jijiyar jini da ke ƙarƙashin ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, tana iya tsagewa. Mutum ya farka, ya yi magana, har ya ce a bar shi ba komai, jini kuwa yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, bayan wasu awanni ya sake faɗuwa. Alamun da ba a jira da su: amai fiye da sau ɗaya, barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, jini ko ruwa garai-garai daga kunne ko hanci, jijjiga, ko rauni a hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya.

Bugu na biyu ba ya gyara na farko, ƙara shi yake yi, musamman idan ƙwaƙwalwa ba ta gama warkewa ba. Mantuwar da ke biyo bayan bugun kai kuma yawanci ta abin da ya faru dab da hatsarin ce, ko ta kasa riƙe sabon abu. Da wuya ƙwarai mutum ya manta ko shi wane ne alhali yana tafiya yana hira lafiya lau.

Waɗanne ne kuma ke da hatsari idan aka kwaikwaya?

Wutar lantarki. A wasa, mutum ya taɓa waya, gashinsa ya miƙe, fuskarsa ta yi baƙi, ya tofar da hayaƙi. Wutar gida a Najeriya da Nijar ta kai bolt 220 zuwa 240, tana kai da komo sau 50 a sakan. Ƙaramin kaso nata, miliamfiya (ma'aunin yawan wutar da ke ratsa jiki) 10 zuwa 20, ya isa ya ƙanƙame tsokar hannu, kuma tsokar da ke dunƙule hannu ta fi mai buɗe shi ƙarfi, shi ya sa mutum yake kasa saki. Idan abin da ya ratsa ƙirji ya kai 50 zuwa 100, bugun zuciya yana iya rikicewa ba tare da wata ƙuna a fata ba. Sahun mutanen da ake nunawa kowa ya riƙe na gabansa suna karkarwa, shi kam yana da tushe, kuma shi ne dalilin da ba a jan mutum da hannu: a kashe wutar daga tushe, ko a ture shi da busasshen itace.

Saran maciji. Ana nuna aboki ya tsaga wurin da reza ya tsotse dafi ya tofar. Dafi yana shiga cikin nama da sauri, abin da baki zai fitar bai taka kara ya karya ba. Dafin kububuwa, wadda ta addabi manoma a yankin Kaltungo da kwarin Binuwai, hana jini daskarewa yake yi, saboda haka tsagar da aka yi za ta yi ta zuba. A asibiti ma gwajin farko shi ne a zuba jinin mutum a tsabtatacciyar kwalba busasshiya a ajiye minti 20 a ga ko zai daskare. Ɗaure gaɓa tamau da igiya yana kashe naman. Abin yi shi ne a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa inda ake da maganin dafi.

Farfaɗiya. Ba a cusa cokali a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙori ko ya toshe numfashi. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe idan jijjigar ta lafa, a duba agogo: in ta wuce minti 5 sai asibiti. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa ruwa a baki, huhu zai tafi.

Man suya da ya kama wuta. Ɗan wasa ya kwaso bokitin ruwa ya watsa, wuta ta mutu. A zahiri ruwa ya fi mai nauyi, yana nutsewa ƙasan kasko, zafin ya mayar da shi tururi nan take, girmansa ya ninku kusan sau 1,700, ya watso man da ke ci har rufi. A kashe gas, a rufe da murfin ƙarfe, kada a ɗaga kaskon.

Ana iya kama kuskure daga sararin sama?

Duk wanda ya taɓa fita duban wata yana da wannan ilimin. Jinjirin wata a yamma yake fitowa bayan magariba, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Idan wasa ya ce ƙarfe biyun dare ne ga jinjiri a tsakiyar sama, zane ne. Cikakken wata yana fitowa daga gabas lokacin faɗuwar rana, a daren sha huɗu ko sha biyar. Idan labari ya ce an yi sati ɗaya, watan kuma bai ragu ba, an kama shi. Tauraro ba ya bayyana a cikin lanƙwasar jinjiri, domin ɓangaren da ya yi duhu ma jikin watan ne, yana tare abin da ke bayansa.

Walƙiya da tsawa a lokaci ɗaya na nufin aradun a kanka ta faɗi. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, wato kilomita ɗaya cikin sakan uku. Fashewar da aka hango daga bayan gari sai an ɗan jira kafin a ji ƙararta. Inuwa ma shaida ce: agogon bango ya ce sha biyun rana, inuwar mutum kuma ta yi tsayin ta bayan la'asar.

Gaskiya ne ruwan bayi yana juyawa ta wata fuska daban a Ostireliya?

Wani kashi na The Simpsons, wasan katun na Amurka, na shekarar 1995 ya gina labarinsa a kan wannan. Yarinyar gidan, wadda aka sani da ilimi, ita ta faɗa, labarin kuma ya gaskata ta, saboda haka kuskuren marubuta ne. Ƙarfin da ake magana a kai, wanda ake kira da sunan Bafaranshe Coriolis, yana nan. Juyawar duniya ce ke haifar da shi, shi ke sa manyan guguwowin teku su juya saɓanin hannun agogo a arewacin duniya, su bi hannun agogo a kudanci. Amma duniya sau ɗaya take juyawa a yini, ruwan bayi kuma cikin sakanni yake wucewa. Siffar kwanon da fuskar da ruwan ya shigo sun rinjaye shi nesa ba kusa ba.

A 1962 Ascher Shapiro na cibiyar MIT a Amurka ya nuna shi da tanki mai faɗin kusan mita biyu, amma sai da ya bar ruwan ya kwanta awa 24 kafin ya zare toshiyar a hankali. A 1965 aka maimaita a birnin Sidni na Ostireliya, ruwan ya juya ta ɗaya fuskar. A Kano, da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ƙarfin ya fi na can rauni sosai. Ka cika baho sau goma ka sake shi, za ka ga fuskar tana bin yadda ka zuba ruwan.

Lissafin da ake gani a allo bayan 'yan wasa, na gaske ne ko shirme?

Ya danganta da wasan. The Big Bang Theory, da aka nuna daga 2007 zuwa 2019, ya ɗauki David Saltzberg, farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Kaliforniya ta Los Anjeles, yana duba rubutun yana cika allunan. Ken Keeler, marubuci a Futurama mai digirin dakta a fannin lissafi, ya samar da hujjar lissafi ta gaske domin warware labarin wani kashi na 2010.

Wani lokaci kuma kuskuren tarko ne aka ɗana wa masu sani. A wajajen 1637 masanin lissafi Pierre de Fermat ya ce idan aka ɗauki cikakkun lambobi aka ninka kowacce da kanta fiye da sau biyu daidai wa daida, jimlar biyu ba za ta taɓa ba da ta uku ba. Andrew Wiles ya tabbatar da haka, aka buga hujjarsa a 1995. A wannan shekarar The Simpsons ya nuna cewa 1782 mai ƙarfin 12 (wato a jera ta sau 12 a ninka su da juna), a tara da 1841 mai ƙarfin 12, daidai yake da 1922 mai ƙarfin 12. Ƙaramar kalkuleta za ta ce haka ne, domin lambobin farko kawai take nunawa. Amma ba ka buƙatar kalkuleta. 1782 cika ce, duk yadda ka ninka ta da kanta cika za ta zauna. 1841 mara ce, mara za ta zauna. Cika da mara idan sun haɗu mara ne, 1922 kuwa cika ce. Ba su daidaita ba.

A 1998 suka kawo wanda ya tsallake wannan gwajin: 3987 da 4365 a hagu, 4472 a dama, duk masu ƙarfin 12. Nan sai a gwada rabawa da uku. Ka tara lambobin 3987 su ba ka 27, na 4365 su ba ka 18, uku tana raba su duka biyun, don haka tana raba jimlarsu. Na 4472 kuwa 17 ne, uku ba ta raba shi.

Wasa ya ce jinin yaro bai zo ɗaya da na uba ba, saboda haka ba ɗansa ba ne. Hujja ce?

A'a, kuma wannan kuskure yana iya raba aure. Kowa yana gadon rabi daga uba, rabi daga uwa, rukunin O kuma yana ɓuya a bayan A ko B. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar mai A, ko B, ko AB, ko O, duka huɗun. Rukunin jini yana iya jefa shakku a wasu 'yan haɗuwa, kamar mai AB a ce ya haifi mai O, amma ba ya tabbatar da cewa wane ne uba. Wannan aikin gwajin DNA ne.

Ɗan'uwan wannan shi ne lissafin sikila. Za ka ji an sa wa wani a baki cewa tunda miji da mata duka AS ne, kuma ɗan fari ya zo SS, to uku na gaba sun tsira. Ciki ba ya tuna na bayansa. Kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na SS, 50 na AS, 25 na AA, ko me ya faru a baya. Ma'auratan da suka haifi huɗu, damar a ce babu SS ko ɗaya a cikinsu kusan kashi 32 ce kawai, kuma biyu a jere suna iya zuwa SS.

Tagwaye mace da namiji da ake nunawa suna musayar kaya ba a gane su, su ma ba daga ƙwai ɗaya suka fito ba. Kamarsu ba ta wuce ta sauran 'yan'uwa.

Kofin shayi da ya cika bayan an sha rabi fa, shi ma kuskuren tunani ne?

Wannan kuskuren ɗauka ne. Ana ɗaukar fage ɗaya sau da yawa, mai tacewa ya zaɓi inda dariya ta fi fitowa ko da hula ta koma ɗaya gefen. Wanda ya fi shi nauyi shi ne kuskuren sanin labari: ɗan wasa ya yi fushi kan maganar da aka yi ba ya nan kuma ba wanda ya gaya masa, ko rikicin da kiran waya ɗaya zai kashe ya ci rabin awa alhali mun ga wayar a hannunsa. Hanyar kama shi ita ce ka ɗauki takarda ka ja layi ga kowane ɗan wasa, bayan kowane fage ka rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa. Duk inda ya yi aiki da labarin da babu shi a layinsa, ka koma baya ka sake kallon fagen da ya gabata sau ɗaya, domin wani lokaci an nuna shi laɓe a bayan labule ne ido bai kai ba.